Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Guga Ɗaya Dai

A makon jiya na yi muku alkawarin labarin auren Auta da yadda muka kwashe da dangin ubanta a kan kayan ɗaki. Ku yi mini haƙuri, ba yau ba. Shekaranjiya bayan sallar asuba, ina daf da Ƙofar Doka, gwiwar nan ta hagu ta riƙe. Na dafa falwaya na tsaya, sai na ji bakina yana cewa “guga ɗaya dai” ba tare da na sa shi ba. Tun daga lokacin Iya ta tsaya mini a rai, kuma na san in ban rubuta ta ba barci ba zai yi mini daɗi ba.

Waɗanda suka biyo ni tun kashin farko sun san Iya, mahaifiyar Baba, wadda ta yaye ni ta riƙe ni a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Abin da ban faɗa muku ba shi ne zancen rijiya. A farin 1984 ina da shekara goma sha huɗu. Ruwa ya ja baya, sai da aka ƙara wa gugan gidanmu igiya har sau biyu, kuma har gobe ina tuna inda ƙullin yake, don nan ne yake cin tafin hannu. Randa uku ce a gidan, ga awaki, ga tsohon da ba ya iya fita. Ka zura guga ka ja, ka ja, ya fito rabi, rabin ma da laka. Hannuna ya yi bororo ya fashe, ya koma kanta. Wata safiya na dubi tulunan da aka jera a bakin rijiya, na saki igiya na fashe da kuka.

Iya ba ta rarrashe ni ba. Ta ɗauko igiyar ta mayar mini a hannu ta ce, “Ke 'yar nan, wa ya ce ki cika randa? Guga ɗaya dai. In ya hau ma yi magana.” Na ja, ya hau, ta juye a tulu. Na dube ta ina jiran maganar. Ta ce, “To, ɗaya dai kuma.” Haka muka yi har rana ta take, randuna suka cika, maganar da aka ce za a yi ba a yi ta ba har yau.

Ba karin magana ba ce, ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai ita. Kuma abin da ke ci mini rai shi ne na taɓa raina ta. Ni ce ta farko a gidanmu da aka sa a boko, albarkacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta na 1976, kuma da na shiga makarantar horon malamai ta mata sai kaina ya yi girma. Wani hutu na dawo, Iya ta miƙo mini igiya, na ce hannuna zai lalace, a kira yara. Ba ta ce komai ba. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ja da kanta, ina zaune a inuwar darbejiya ina kallon bayanta yana lanƙwashewa, ina jin tana faɗa wa kanta maganar nan ƙasa-ƙasa. Kafin hutu na gaba ta rasu. Saƙo ya same ni a makaranta bayan an yi sadakar uku. Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mini.

Shekarun aure da koyarwa a Zariya kun riga kun ji su, ba sai na maimaita ba. Malam, maigidana, ya rasu a ƙarshen 2019. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma, ban gama fita ba aka shiga kullen korona a jihar Kaduna a watan Maris na 2020. Kusan shekara na yi daga tabarma sai gado. Jiki ya yi nauyi, ƙafa tana kumbura, in na hau matakala uku sai na nemi abin dafawa. Da Auta ta matsa aka kai ni asibiti, aka ɗaura mini abin awo a dantse, aka ce jinina ya haura 140 bisa 90, kuma daga nan ne ake kiran sa hawan jini. Likitan yaro ne, sa'an ɗana na biyu. Ya ce, “Mama, magani kaɗai ba zai yi ba. A rage gishiri, kuma ki riƙa tafiya.” Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Wallahi minti talatin ɗin nan sai ya tsaya mini a gaba kamar randunan nan uku.

Auta ta sayo mini kambas a Sabon Gari. Ranar farko na zura hijabi na fita, ban kai ƙarshen layinmu na Tudun Wada ba na juyo ina haki. Kashegari na tsaya a wuri guda ina shirin juyawa, sai idona ya faɗa kan falwayar da ke gaba, bai fi taku arba'in ba. Na ce, falwaya ɗaya dai, in na kai ma yi magana. Na kai, na taɓa ta da hannu, sanyin simintinta ya ratsa ni. Na ce, to, ɗaya dai kuma. Sai da na yi wata uku kafin na ga Ƙofar Doka da ƙafata.

A nan ne Yaya Babba ta shigo. Kun san ta, yayar Malam, wadda na yi wa biyayya shekara talatin, na yi mata jinya sau biyu a ɗakina. A wani suna a cikin birni, tsakar gida cike da mata, ana rabon waina, ta ɗaga murya ta ce, “Ƙasa ba ta gama cin ɗan'uwana ba, matarsa ta sayi takalmin 'yan ƙwallo tana zaga gari da asuba. Mai neman miji ai ba ta ɓuya.” Aka yi tsit. Na ce, “Allah ya ba ki haƙuri, Yaya,” na ɗauki jakata. Kwana tara ban leƙa waje ba. Na tura kambas ƙarƙashin gado. Ciwon gwiwa bai taɓa zaunar da ni haka ba, amma bakin mutum ɗaya ya zaunar da ni. Rana ta goma, da na idar da salla, ban ce zan je Ƙofar Doka ba, ban ce zan ba maraɗa kunya ba. Na ce ƙafa ɗaya dai a cikin takalmi. Na sa. Na sa ɗayar. Daga nan sai sakatar ƙofa.

Wata malama a Islamiyyarmu ta taɓa tambaya ta, me ya sa ba zan maye gurbin wannan magana da zikiri ba? Na ce mata carbina yana hannuna duk tafiyar nan, hailala da istigfari ba sa barin bakina. Maganar Iya ba addu'a ba ce, linzami ce da nake ja wa raina in ya fara hango nisa. Kuma ita da kanta ta karantar da mu hadisin Nana A'isha, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mu Hausawa ma ai mun saba. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai ya yi kirari, manoma a gayya ba sa kai ƙarshen kunya sai da kiɗa, mata ba sa gama daka sai da lugude. Ni ba ni da makaɗi, sai Iya.

Yanzu da nake rubutu ma na tuna ba a 2021, da na soma tafiyar nan, na fara aron maganar Iya ba. A naƙudar ɗana na fari, da ungozoma ke cewa in yi nishi, ita ce a bakina. Lokacin da nake da ɗalibi sama da tamanin a aji, takardun jarrabawa sun taru a kan tabarma ga fitilar ƙwai, takarda ɗaya dai nake cewa. Daren farko na takaba, da kowa ya watse na ga shimfiɗar Malam ba kowa, dare ɗaya dai na ce. Ashe duk tsawon nan igiyar da na ƙi karɓa tana hannuna.

Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, hanyar da nake bi ni kaɗai da almajirai da masu shayi ta cika da ma'aikata da 'yan makaranta, kowa a ƙasa. Har 'ya'yan Yaya Babba mata na gamu da su, ba wanda ya ce miji suke nema. Bara ita ma aka ce jininta ya hau. Ta aiko jikarta wai in faɗi abin da nake sha da jikina ya faɗa haka. Na ce, “Je ki ce wa Yaya ina gaishe ta, ba sha ake yi ba, takawa ake yi.” Na haɗa mata da zoɓo marar sukari. Na yafe mata tsakanina da Allah, amma maganar tsakar gidan nan tana nan daram, in na ce ta goge na yi ƙarya.

Shekaranjiya dai, mai ƙosan da ke kusa da ƙofar ta ga na dafa falwaya, ta ce, “Hajiya, zo ki zauna, ko in tsayar miki da Keke?” Na ce ta bari. Na murza gwiwar, na jira ta saki, na dubi ta gaba. Sai bakwai da rabi na shiga gida, Auta har ta kira sau uku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai auren nata. Yaya Babba na ciki.