Wata na bakwai da fara koyon ɗinki: zif ya ba ni kunya a bayan fage

Jama'a sannunku da ƙoƙari, kwana biyu kun ji ni shiru ko. Tafiya na yi ni kaɗai, kwana biyar a wani babban birni da ban san kowa ba, niyyata in huta keken ɗinki ma ya huta don wallahi zif ya kusa sa ni kuka a watan nan. Kwana biyun farko yawo kawai na sha, na ɓata sau biyu a jirgin ƙasa na cikin gari, a gidan tarihi kuma na tsaya gaban wata tsohuwar kwat kusan minti ashirin ina kallon yadda aka kafa hannunta, babu mai ce min ke taho mu tafi.

Rana ta uku na ga sanarwa ana neman masu taimako a bikin nuna kaya na ɗaliban wata makarantar ɗinki, kyauta ne ba biya, na ce bari in gwada. Aikin da aka ba ni shi ne sa wa yarinya ɗaya kaya, cikin masu fita fage su nuna kayan a jikinsu. Kowa da layin hangarsa, an manna kati mai hoton kowace shiga da lambarta da takalmin da zai bi ta, ita tawa shiga uku gare ta. Tun kafin a fara ake buɗe duk zif, a ɓalle maɓallai, a kwance igiyar takalmi, saboda idan ta dawo daga fage minti ɗaya zuwa biyu ne kawai ki cire wannan ki sa wancan. Akwai wani siririn gyale da ake rufa mata a fuska kafin a zura riga ta ka, don kar hoda da jambaki su ɓata wuyan rigar, ni ban taɓa tunanin wannan ba. Guga kuma duk da abin tururi ake yi, kayan na rataye.

To a shiga ta biyu ne abin ya faru. Riga ce mai ɓoyayyen zif a baya, ina ja ya zo daidai ɗinkin ƙugu ya cije, gaba ya ƙi baya ya ƙi, ga mai kiran lamba tana ta ɗaga murya, hannuna sai rawa yake. Wata babbar mata da ta daɗe a harkar ta matso ta ce ƙanwata matsa, ta fara maƙala ƙugiyar sama, ta haɗe bakin yadin da yatsu biyu a wurin ƙugun, ta ja a hankali ya wuce sumul. Ni da nake ja da ƙarfi ashe saura kaɗan in fasa shi.

Bayan an tashi na ce Anti don Allah me ya jawo, ta juya rigar ta nuna min ciki. Inda ɗinkin ƙugu ya ratsa zif yadi ya taru ninki-ninki ba a rage shi da almakashi ba, kuma an ɗinka dab da haƙoran zif ɗin sosai, to dole ya cije. Daidai kuskuren da nake yi a gida kenan ina zagin zif wai ba shi da kyau. Ita ce ma take ce min ko a manyan bukukuwan Paris da Milan da Landan da New York, shi kansa nunin da wuya ya wuce minti goma sha biyar, aikin watanni amma. Namu na duba agogo, minti goma sha biyu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne rigunan da suka fi ɗaukar ido a fage ba su ne suka fi kyau a ciki ba, wata da fil aka riƙe ta, wata a jikin yarinyar aka ƙarasa ta da allura da zare. Wadda na fi so kuwa wata baƙa ce mara hayaniya, shafinta a kwance, kalmasar hannu, ta shiga jiki cikin daƙiƙa kaɗan.

Da na dawo na warware zif ɗin koriyar rigata da na nuna muku kwanaki, na rage yadin wurin ƙugu, na manna siririn sitif, wato ƙyallen da ke ƙara wa yadi ƙarfi, a bakin, na sa ƙugiya a sama. Yanzu yana wucewa lafiya lau. Amma can ƙasa inda zif ya ƙare har yanzu yana ɗan tattarewa kamar baki, sau uku ina warwarewa, wanda ya san maganin wannan don Allah ya taimaka min kafin yadin ya huje.