Rinin baba da hannun masu yin sa

Marinarmu tana Ƙofar Mata a Kano, cikin karofin da aka kafa tun 1498, kuma har yau da baba da toka da katsi (wato lakar gindin ramin rini da aka busar aka ƙona) muke haɗa rami. Zurfin rami kan kai mita shida. A cika shi da ruwa, a zuba kayan haɗi, a yi ta motsawa da doguwar sanda har wajen wata guda kafin ya nuna. Wanda ya iya haɗi, raminsa zai yi kusan shekara yana ba shi launi.

A hannun kawuna na koya. Ba ya faɗa maka ranar da rami zai nuna, sai dai ya ce, “Ɗan nan, duƙa ka shinshina.” Daga wari ake ganewa, da kumfar da ke taruwa a sama, shuɗiya mai ɗan walƙiya kamar wuyan tattabara. Ƙyalle kan fito kore-kore, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi kana kallo. A tsoma, a zaro, a matse, a bar shi ya sha iska, a sake tsomawa. Mai son launi ya kama har ya yi duhu, irin wanda Buzaye ke naɗawa, sai an shafe awanni a bakin rami, sannan a kai wa mabuga su buge shi ya yi sheƙi. Kawu ya tsufa a wannan aiki, Allah ya ji ƙansa. Hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, amma ban taɓa ganin gyambo a jikinsa ba.

To, je ka duba hannun samarin da ke rinin galura a lunguna. Ruwan zafi a rabin duro, a zuba soda mai ci, a zuba farin garin nan da ke tashi da wari mai shaƙe maƙogwaro. Yaro zai sa hannu da leda ɗaure, ko safar hannu da ta huje. Farata su zaizaye, fata ta saɓule tsakanin yatsu, ido ya yi ja, tari kuma ba ya barin su barci. Ba wauta ce ta sa su ba. Tun da masaƙun Sharaɗa da Calawa da Bompai suka yi ta rufewa, yadin da ake rinawa daga waje yake zuwa, galurar ma haka. Sai kuma ga rinannen kaya daga Chaina ya cika Kantin Kwari a farashin da ko kuɗin farin yadi bai kai ba. Maigidan da ke son ya yi gogayya da wannan dole ya rage wani abu, kuma abin da ake fara ragewa shi ne safar hannu da takalmin roba da hutun yaro. A 2015 marina suka yi tattaki har fadar Sarki a kan wannan shigo da kaya. Da yawa daga waɗanda na sani a tattakin yanzu adaidaita sahu suke ja, wasu kuma suna zaune a bakin busasshen rami suna lissafin cefane, suna shan maganin hawan jini.

Namu aikin ma yana cin jiki. Duƙawa tana kama baya, toka tana busar da fata, mabuga kuma kafaɗa ce ke fara gaza musu. Shi ya sa a wurina akwai rumfa, ana karɓeɓeniya a bakin rami, daga azahar a huta sai rana ta yi sanyi, ga man kaɗanya a gwangwani kowa ya shafa. In aikin shadda ya zo wanda dole sai galura, a fili ake yi inda iska ke kaɗawa, wanda babu safa da takunkumi kuma ba ya kusantar duron.

Duk da haka sai wata Hajiya ta zo ta ɗaga zane ta ce, “Malam, irinsa fa na gani a Kwari rabin kuɗin nan.” In ce, “Hajiya, juya bayansa.” Na bugun inji a fuska ɗaya zanen yake, bayan fari-fari, da'irori kuwa duk kai ɗaya. Namu mata ne ke ƙulla shi a cikin gidaje da zare, ƙulli bayan ƙulli, launi ya ratsa ciki da waje, kuma ba za ki sami da'ira biyu iri ɗaya ba. Hoton namun 'yan kasuwa suke ɗauka su kai a buga musu, su dawo da shi su sayar mana a garinmu!

Masu son kayan sallah ko na biki su kawo aiki da wuri. Saura mako guda ba na karɓa, don ba zan sa yara kwana a bakin rami ba.