Allurar sifirit aka yi min a wuya maimakon tiyata

Kumburin da ya fito min a gefen wuya ba irin maƙoƙon da muka sani ba ne na ƙarancin aidin a abinci. Da aka yi min sikanin a nan Zariya likita ya juyo min da allon na'urar ya nuna min wani baƙin wuri zagayayye a cikin ƙwayar tayirod, wato halittar da ke gaban maƙogwaro, ya ce Malama wannan jaka ce cike da ruwa. Ni dai abin da na sani in zan haɗiye tuwo sai in ji ya tokare, in na kwanta rigingine kuma ya danne min maƙogwaro.

Sai da aka gwada jinina aka ga tayirod ɗin na aiki daidai, aka kuma sa siririyar allura aka ɗebi samfuri aka kai lab don a tabbatar ba kansa ba ce, wato ciwon daji. Wannan matakin wallahi kar wanda ya yarda a tsallake masa shi. An zuƙe ruwan, ya fito ruwan ƙasa kamar shayin da ya daɗe a wuta, wuya ya saɓe na yi ta murna, amma bayan wani lokaci ya sake cika, ashe haka yake yi wa mutane da yawa tunda jakar tana nan kuma bangonta ne ke tsatso ruwan.

Tiyata ta tsorata ni gaskiya, ba don tabo kaɗai ba, ni malamar firamare ce da muryata nake cin abinci, kuma jijiyar murya a bayan tayirod take wucewa, ga shi in an cire ƙwayar gaba ɗaya mutum zai dawwama yana shan levothyroxine, maganin da ke maye gurbin aikin tayirod, kullum da safe. Shi ne likitan ya kawo maganar allurar etanol, tsantsar sifirit mai ƙarfin kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari, wadda ke ƙona bangon jakar daga ciki har ta manne ta daina tara ruwa.

Da na faɗa a gida Inna ta ce barasa fa ke nan, ƴar nan. Ban raina maganarta ba don ni ma abin ya tsaya min a rai, maigidana ya je ya tambayi malaminsu a Tudun Wada, malamin ya ce ba sha zan yi ba, ba maye ake nema ba, magani ne a hannun likita. Hankalina ya kwanta.

Ranar aikin ba a sa ni barci ba. Na kwanta aka sa min matashi a ƙarƙashin kafaɗa wuya ya miƙe, aka kashe wurin da allura, likita na kallon sikanin yana shigar da allurar, ya ce kar in yi magana kar in haɗiye miyau, to wannan ne ya fi min wuya. Ya zuƙe ruwan ya tura sifirit ɗin, na ji zafi na hawa har muƙamuƙi da kunne na ɗan lokaci sannan ya lafa. Ya ce in yi magana ya ji muryata, don in sifirit ya tsiyaya waje yana iya taɓa jijiyar ya sa dishewa. A ranar na koma gida da ƴar filasta a wuya.

Kumburin bai ɓace nan take ba, a hankali ya riƙa motsewa cikin watanni, yanzu sai na lalubo da yatsa nake jin sa. Wasu sai an maimaita musu allurar. Kuma ba kowa take yi wa ba, wata maƙwabciyata a Sabon Gari ta ji labarina ta je, sikanin ya nuna nata tsoka ce ba ruwa ba, sifirit ba ya ratsa tsoka yadda ya kamata, tiyata aka yi mata kuma Alhamdulillahi ta warke. Abin da ke min ciwo matan da ake kai wa wanzami ya tsattsaga musu wuya ba a san ruwa ne a ciki ko tsoka ko kansa ba, alhali ga manyan jijiyoyin jini a wurin. Ni har yanzu ina komawa sikanin duk lokacin da likita ya sa min, ana auna girman jakar ana rubutawa a katina.