Talata: jita biyu a kan teburin gyara

Jita biyu masu aiki da lantarki suka shigo shago yau, dukansu masu kogo a ciki da rami mai siffar harafin f (ramin f) a fuska. Ɗaya mai kauri ce irin ES-175, ɗaya siririya irin ES-335, dukansu ƙirar kamfanin Gibson. Masu kawo su sukan ɗauka kaurin jiki ne ke nuna abin da ke ciki, amma ba a nan take ba. Sai an zura ƙaramin madubi da tocila ta ramin f, ko a ƙwanƙwasa fuskar da yatsa kusa da jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a kan fuska. Idan ƙarar ta fito a dunƙule, akwai gungumen katako a ƙasa. Idan ta yi amo, wajen fanko ne.

Siririyar na fara dubawa. Kamfanin Gibson na Amurka ya fito da wannan ƙira a 1958: faɗi inci 16, kaurin gefe wajen inci 1.75. Fuska da baya katako ne falle-falle da aka haɗa da gam aka matse a injin har ya yi doro. A tsakiya gungumen katakon maple ya miƙe daga gindin wuya har ƙarshen jiki, kogon ya rage a fukafukai biyu kawai. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: gungumen shafaffe ne, fuskar kuwa mai doro ce, don haka ba za su haɗu kai tsaye ba. Ana cike tsakaninsu da katakon spruce da aka tsattsaga, sama da ƙasa. A jitar yau gam ɗin wannan ciko ne ya saki a wani lungu, shi ya sa take zizar da mai ita ya ɗora wa firet, wato ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, laifi. Gam ta sirinji, matsi mai laushi, sai ta kwana a haka.

Ƙusoshin jaki da na maɗaurin tsirkiya duk a cikin gungumen suke shiga. Tsirkiya shida masu lambar kauri 10 zuwa 46 suna ja da nauyin kilo 45 zuwa 50, kuma gungumen ne ke ɗauke da shi. Daga nan ne sautin ke daɗewa, kuma jitar ba ta saurin yin kuwwa a gaban lasifika.

Mai kaurin, wadda ƙirarta ta samo asali a 1949, ta haura inci 3 kuma babu gungume ko kaɗan. Sanduna biyu ne a manne a ƙarƙashin fuska, a jere, kamar azara a rufin soro. Jakin katako ne da aka aza kawai, tsirkiya ce ke danne shi, maɗaurin kuma a gindin jiki yake rataye. Matsalarta ta yau ita ce an cire tsirkiya shida gaba ɗaya, jakin ya goce, sauti ya daina daidaita a saman wuya. Gyaran da awo ake yi: daga kan wuya inda tsirkiya ke hawa zuwa firet na 12 wajen milimita 314 ne, a ninka shi, a ƙara kamar milimita 2 a ɓangaren siririyar tsirkiya, a ƙara fiye da haka a ɓangaren mai kauri, sannan a gwada da kunne. Kafin a sake canja tsirkiya, a yi wa gurbin jakin alama da salatif ɗin takarda, ko a riƙa canjawa ɗaya-ɗaya.

Na leƙa sandunan kuma, don su ne ke karyewa kusa da ramin fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, fuska ta fara lotsawa. Waɗannan lafiya lau.

Inda kaurin ke yaudara shi ne a jitocin ES-330 da Epiphone Casino. A ido sirara ne daidai da 335, a ciki kuwa fanko ne. Wanda ya huda fuskarsu don ya sa maɗaurin 335 ya yi ɓarna, domin katakon wajen bai wuce milimita 5 ba, ƙusa ba ta da abin kamawa. A ɗaya gefen akwai ES-135, wadda ta fi 335 kauri amma tana da gungume, a wasu shekarun na katakon balsa marar nauyi. Kamfanin Gretsch ya bi hanya ta uku a ƙarshen shekarun 1950, da tokare masu ƙafafu da ke haɗa fuska da baya ba tare da cike tsakiya ba. A ganina ga mai kiɗan biki da babbar lasifika a bayansa, gungume ya fi kauri muhimmanci nesa ba kusa ba.

Da la'asar na koma kan wayoyin siririyar. Ba ta da murfi a baya, sai dai a shigar da komai ta ramin f ko ramin fikof. Siririn tiyo ake zurawa ta kowane rami a kafa shi a kan sandar makunnin da ake murɗawa don daidaita sauti, a jawo a hankali, a fara da soket ɗin da ake jona wayar amfilifaya, don shi ya fi nisa. Duk aikin dalma a gama shi a waje a kan kwali mai ramuka daidai da na jitar, a gwada da amfilifaya kafin a shigar. A shimfiɗa tsumma a bakin ramin, don ƙarfe na kankare fenti nan take.