Ƙaurin da aka ɗora wa kuloci

Yanzu da zan bar garejin da na yi shekaru ina aiki, yaran da ke ƙarƙashina sun ce in bar musu wani abu a rubuce. Abin da ya fi tsaya min a rai maganar ƙauri ce a tsohuwar mota, domin a kanta aka yi min abin da har yau bai bar zuciyata ba.

Wani dattijo ya kawo tsohuwar Corolla mai giyar hannu. Ya ce da ya ɗan yi nisa sai ƙauri ya cika motar, kuma tana jan sitiyari gefe guda. Maigidanmu ko tashi daga kan benci bai yi ba ya ce kuloci ne. Ni aka ba in zaga da ita. Na sa babbar giya na taka totur, don in kuloci na zamewa za ka ji injin ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba. Wannan ba ta yi haka ba. Da na dawo na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina kusantar da bayan hannu. Uku lafiya lau, wilin gaba na dama kuwa huci yake yi, har faifan birkin ya fara shuɗi-shuɗi.

Na ɗaga ta a jak, tayar da ƙyar take juyawa. Na sassauta ɗan notin da ake fitar wa birki iska, sai man ya yi tsartuwa, nan take taya ta saki. Duk wanda ya san aikin ya san abin da hakan ke nufi: tiyon robar birki ya tsufa ya kumbura ta ciki, mai yana shiga in an taka, amma ba ya samun hanyar komawa in an ɗaga ƙafa. Ta waje tiyon lafiyarsa ƙalau, shi ya sa yake yaudarar mutane.

Na ce, "Oga, birki ne yake kamawa. Tiyon dama ya toshe."

A gaban mai motar ya ce, "Yaushe ka fara riƙe sufana da har za ka koya min aiki? Sauke giyabos."

Na sauke. Kulocin da muka cire da sauran ransa sosai, kowa a garejin ya gani, babu wanda ya ce uffan. Na sake yi masa maganar tiyon, ya ce ba shi aka biya ba.

Ba a jima ba dattijon ya dawo jikinsa na rawa. A kan gangara ya taka birki, feda ta nutse har ƙasa. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius yake tafasa, amma in ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 140, kuma da zarar ya zama tururi babu sauran birki. Allah ne kawai ya tsare shi. Maigida ya nuna ni da yatsa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, yaron nan ne bai duba da kyau ba." A cikin haƙƙina aka cire kuɗin gyaran. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, kallon da dattijon ya yi min ne, mutumin da ni kaɗai na damu da ransa a wurin.

Don haka ku da kuka tambaya, kada wani ya hana ku bin hancinku, komai girmansa a sana'a. Ƙaurin birki da na kuloci kusan iri ɗaya ne, wurin da zafin yake shi ke raba gardama. Baƙin mai in yana ɗiga kan bututun salansa za ku ga hayaƙi mai shuɗi yana tashi daga ƙarƙashin bonet, galibi gaskit ɗin murfin inji ne ya bushe. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ruwan lagireto ne yake yoyo. Ƙaurin roba da ƙara, a duba fanbel. Wani lokaci ma leda ce kawai ta manne wa salansa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, a auna caji, in ya wuce bolt 15 batir ne yake dahuwa.

Wanda ba na wasa da shi shi ne ƙaurin waya. A tsohuwar mota rigar wayoyi ta bushe ta tsattsage, kuma sau da yawa za ka tarar wani ya cire fis ya ɗaura zaren waya a gurbinsa, ko ya sa na amfiya 30 inda aka rubuta 10. In kun ji shi, ku kashe mota ku cire kan batir kafin ku fara neman komai. Irin wannan ɗaurin a garejin nan na fara ganinsa, kuma kun san hannun da yake yin sa. A inda zan koma, motar da aka ɗaure wa fis da waya ba za ta fita daga hannuna a haka ba, ko da mai ita zai yi fushi.