Littattafan da suka cancanci wuri a gidan mutumin Maradi

Littattafai suna shigowa Maradi ta hanyoyi biyu. Na Faransanci suna zuwa daga Yamai, na Hausa da na Larabci kuwa galibinsu daga Kano da Katsina suke ketowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Wanda ya tsaya a gaban mai sayar da littattafai a babbar kasuwa, ko a ƙofar masallaci ranar Juma'a, zai ga cewa littattafan addini da na ƴan lakol da na soyayya su suka cika shimfiɗar, amma wanda zai koya wa mutum kiwo, ko lambu, ko yadda zai kula da jaririn da ke zawo, sai an tona kafin a same shi. Tunda sun yi ƙaranci, kuɗi ma ba su yalwata ba, ni da ma'auni guda nake zaɓe: in na karanta shafi, zan iya aikata abin da ya ce da kayan da ke hannuna ko a kasuwar garinmu? Littafin lambun da aka rubuta don ƙasar da ake ruwan sama duk shekara ba zai amfani mai shukar albasa a Jiratawa ba, ko da hotunansa sun kai ina a kyau.

A fannin noma da kiwo, abin da na fi amincewa da shi ƙananan littattafai ne. Akwai jerin Agrodok, wanda ƙungiyar Agromisa ta ƙasar Holan ta fitar domin ƙananan manoman ƙasashe masu zafi, kowane ɗaya a kan batu guda, kamar kiwon kaji, kiwon awaki, kiwon zuma, ko adana hatsi. Ana samun su da Faransanci, kuma zane ya yi yawa a cikinsu, har wanda karatunsa bai yi nisa ba zai iya bin hoto ya gina akurki. Waɗanda suka fi su kusa da mu su ne takardun da RECA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoman Nijar, take wallafawa kyauta a intanet, domin su a kan gonakinmu aka rubuta su, da ƙwarin da ke cin amfaninmu da magungunan da ake sayarwa a kasuwanninmu. Shafi biyu ko huɗu ne, ana iya buga su a ajiye a aljihu.

Misalin abin da irin wannan takarda ke koyarwa shi ne adana wake a buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maradi kuma suka yi aiki mai yawa wajen gwada shi. Buhu uku ne a cikin juna, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana busar da waken sosai, a duba ledojin ko akwai huda, a zuba, a matse iska, sannan a ɗaure bakin kowane buhu shi kaɗai. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye ɗan iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Wanda aka nuna wa ɗaurin kawai zai iya buɗe buhun kowane mako ya ɗebi tiya guda, ya kuma yi mamakin ganin waken ya lalace. Wanda ya karanta dalilin kuwa ya san cewa duk buɗewa sabuwar iska ce yake ba ƙwarin. Wannan shi ne abin da littafi yake ƙara wa mai koyo a kan kallon hannun gwani, wato sanin dalilin kowane mataki.

Akwai abin da yake damuna a nan. Dabarar raya itatuwa daga kututturen da ke gona, wadda manoma ke kira sassaben zamani, a jihar Maradi ta bunƙasa tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara aiki a kanta tare da manoman ƙauyukanmu. Manomi yana zaɓar ƴan rassa masu ƙarfi daga tohon kalgo ko sabara ko gawo, ya sare sauran, ya riƙa gyara su har su zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. An rubuta littattafan koyar da ita da Turanci da Faransanci, ana karanta su a ƙasashe masu nisa, alhali ɗan manomin da ya iya ta tun yana yaro da wuya ya ga an rubuta ta da harshensa. Haka ma jar akuyar Maradi, wadda fatarta ta yi suna a duniya. Gidajen buga littattafai irin su Albasa da Gashingo a Yamai sun nuna cewa ana iya wallafa littafi mai kyau da harsunan ƙasa, saura malaman gonarmu da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su zauna da tsofaffin manoma su rubuta.

Abubuwan da mutum ke yi don sha'awa, kamar kiwon tattabaru, saƙa, ko girke-girke, ba na ba da shawarar a kashe musu kuɗi mai yawa. Ƙananan littattafan girki na Hausa da ke zuwa daga Kano sun wadatar ga mai farawa, matuƙar marubuciyar ta faɗi awo, ba ta tsaya ga cewa a zuba daidai misali ba. Ɗinki kuwa sai an zauna a shagon tela, littafi ya zama na koyon awo da yanka kawai.

Inda na fi so a tsananta zaɓe shi ne renon yara, domin kuskure a nan rai yake taɓawa, kuma duk wanda ya ga halin yunwa da tamowa da dubban yara suka shiga a jihar nan a 2005 ya san haka. Littafin Savoir pour sauver, wanda UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNESCO suka fara fitarwa a 1989, gajerun saƙonni ne da kowa zai gane: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, kada a zubar da dakashi, kada a ba shi komai sai nono har wata 6, ko ruwa, ko da a tsakiyar zafin bazara ne. In zawo ya kama yaro, a ci gaba da shayarwa, a ba shi ruwan SRO, wato ruwan gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Na biyu shi ne Là où il n'y a pas de docteur na David Werner, wanda ya fara fitowa da Sifaniyanci a 1973 daga aikinsa a ƙauyukan duwatsun Meziko. Amfaninsa mafi girma shi ne koya wa iyaye alamomin da in an gan su ba a kwana a gida, kamar saurin numfashi, faɗawar maɗiga, ko yaro ya kasa shan nono. Sai dai a duba shekarar bugu kafin a saya, domin tsofaffin bugu suna ambaton magungunan zazzaɓin cizon sauro da aka daina dogara da su, kuma batun magani na ma'aikacin lafiya ne.

A wajen tarbiyya, Tarbiyatul Aulad fil Islam na Abdullahi Nasih Ulwan, malamin birnin Halab na Siriya da ya rasu a 1987, ya kasa nauyin da ke kan iyaye kashi bakwai, tun daga imani da ɗabi'a har zuwa lafiyar jiki da hankali da zaman tare da jama'a. Yana da tsawo, mujalladi biyu ne, ba a karanta shi a zama ɗaya. Na fi yawan komawa ga Tuhfatul Maudud na Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, saboda yana sauka kan abubuwan da ke faruwa a ɗaki. Ya yi nasiha cewa a yaye yaro sannu a hankali, kada a raba shi da nono farat ɗaya, abin da ya saɓa wa al'adarmu ta ɗaukar yaro rana guda a kai shi gidan kakarsa yana kuka. Wasu shawarwarinsa na jiki sun bi ilimin likitancin zamaninsa, musamman game da kwanakin farko na shayarwa, don haka a wannan gaɓa littafin lafiya na yau za a bi. Babin da ya yi a kan adalci tsakanin ƴaƴa kuwa, inda ya kawo hadisin Nu'umanu ɗan Bashir wanda mahaifinsa ya ba shi kyauta ya bar ƴan'uwansa, har Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, magidanta ya kamata su fara karantawa kafin iyaye mata, musamman a gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya, inda kayan salla da kuɗin lakol ke nuna wa yara matsayin uwayensu. Wanda bai iya Larabci ba yana iya sayen littafin ya kai wa malamin zaurensu, ya roƙe shi ya karanta wannan babi bayan sallar magariba, a fassara shi da Hausa a gaban magidantan unguwa.