Yadda na yi amfani da ganyen darbejiya a gonar furen giladiyolas

Masu ƙawata wurin biki suna son giladiyolas saboda tsayin zangarniyarsa, amma duk wanda ya noma shi a nan Jos ya san inda gizo ke saƙar. Shuka tana tsaye lafiya lau, sai tsofaffin ganye su fara rawaya daga tsini, wani sa'in ma gefe guda kawai, daga nan ta langaɓe. In ka tono kan nata, mai kama da albasa, ka tsaga da wuƙa, za ka tarar da tabo ruwan ƙasa ya taso daga gindi ya kutsa ciki. Aikin Fusarium ke nan, wata funfuna da ke zaune a ƙasa. Ta saiwa take shiga ta toshe hanyar ruwa, kuma tana iya shekaru a kwance ko babu shuka.

Maganin kanti irin su carbendazim yana aiki, sai dai ga tsada, ga jabu. Shi ya sa na ware kunyoyi na gwada ganye: darbejiya, tumfafiya, da ganyen bishiyar turare, tunda ita ce muke da ita birjik a kan tsaunin nan.

Nakan daka kilo 1 na ɗanyen ganye, in jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, in tace da tsumma. Kawunan da zan dasa sai na ɓare musu busasshen ɓawo tukuna, don a ƙarƙashinsa tabon ke ɓuya. Mai tabo ko mai laushi, wuta. Masu kyan su nake tsomawa a ruwan kamar awa guda, in shanya a inuwa. Tukar ganyen kuma, da ƙarin wani ɗanye, nakan turbuɗe ta a kunya in ba ta ruwa ta yi mako 3 tana ruɓewa kafin dashe. Wanda ya yi gaggawar dasawa kan ɗanyen ganye, zafinsa zai ƙona masa saiwa.

Darbejiya ce ta ciri tuta. Kunyoyinta ba su tsira gaba ɗaya ba, amma waɗanda suka kamu 'yan tsiraru ne, kuma sai can ƙarshe ciwon ya bayyana. Tumfafiya ta taɓuka, sai dai farin ruwanta haɗari ne ga ido, don haka turminta daban yake, ba ya shiga kicin. Turare kuwa bai gamsar da ni ba, tsiron ya fito a tsumbure.

Wani maƙwabcina ya ga haka ya ce, "Malam, ai sai in fesa wa nawa da suka yi rawaya." Na ce masa kada ya wahalar da kansa. Ciwon yana cikin kai da jijiya, feshi a kan ganye ba ya isa wurin. Ganyen nan rigakafi ne kawai. Shukar da ta kamu a tumɓuke ta da ƙasar gindinta a ƙone.

Takin yuriya ma na rage shi sosai, don yawansa yana iza wutar ciwon, haka nan ruwan da ke kwanciya a kunya. Inda ciwon ya yi ƙamari kuwa, masara nake sawa, giladiyolas ba ya komawa wurin sai bayan shekara 4.